Rundunar Cin Biki: Wa Ke Ci, Wa Ke Biya, Wa Ke Shara?

Daga Juma'a zuwa Lahadi, akwai wata masana'anta a Kano da Kaduna da Abuja wadda ba ta san yajin aiki ba. Ba ta da minista, ba ta da kasafin kuɗi, amma tana ciyar da tela da direba, da mai girki da mai hoto, da mai hayar kujeru da mai sayar da ƙanƙara. Kasuwarta ta fi ci a Rajab da Sha'aban, lokacin da kowa ke rige-rigen shigar da amarya kafin azumi, sai bayan sallah, sai kuma hutun Disamba. A da biki na dangi ne: gwaggo ta daka, inna ta dafa, maƙwabta su ba da aron tabarmi da tukwane. Yanzu duk aikin da dangi ke yi kyauta ya samu mai shi, kuma mai shin yana da lambar asusu. Ga manyan jami'an wannan runduna, kowa da muƙaminsa.

Hajiya Mai Tsara Biki

Ita ce babbar kwamanda. Waya biyu a hannu, tabarau a saman goshi, makaminta kuwa jumla ɗaya ce tak: "Haba Alhaji, ai ba girmanka ba ne." Da wannan jumlar take mayar da walimar mutum ɗari biyu ta koma dinar mutum dubu.

Kakanninmu sun san kamu da sa lalle da wuni, da ɗaurin aure da kai amarya da buɗar kai. Hajiya ba ta soke ko ɗaya ba, don tana girmama al'ada. Ƙari kawai ta yi: hotunan kafin aure, biraidal shawa, daren Larabawa, ranar Fulani, ranar iyaye mata, ranar ƙauyawa, sannan dina. Kowace rana da launinta, da kayanta, da takardar kuɗinta. Ranar Fulani za ka ga amaryar da ke gudun ɗan akuya ta ɗauko ƙwaryar nono. Ranar ƙauyawa 'yan birni su yi shigar da suke zaton ita ce ta mutanen karkara, su yi ta dariya, sannan su zauna su ci shinkafar da mutanen Kura suka noma. A 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta haramta ranar ƙauyawa. Hajiya ko gezau. Ta san mako kwana bakwai ne, suna kuma ba ya ƙarewa.

A wayarta akwai hotunan bikin da aka yi a Bichi a watan Agustan 2021, lokacin da Yusuf ɗan Shugaba Buhari ya auri 'yar Sarki Nasiru Ado Bayero, jiragen alfarma suka cika filin jirgin Malam Aminu Kano. Su take nuna wa malamin firamaren da zai aurar da 'yarsa, tana cewa, "Irin wannan za mu yi, amma daidai ƙarfi." Ƙarfin wa, ba ta faɗa ba.

Mai Hol

Abu biyu yake kallo a duniya: agogo da tankin janareta. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, nan take ya ƙara kuɗin haya, duk da cewa injinsa dizal yake sha, wanda dama babu tallafi a kansa. Ya ƙara ne don taya 'yan ƙasa jimami.

Amma a yi masa adalci, yana shan wuya a hannunmu. Kati ya ce ƙarfe bakwai, ya tayar da inji tun shida da rabi. Amarya ba za ta iso ba sai tara da rabi. Awa uku cur na'urorin sanyaya ɗaki suna yi wa kujeru fifita, hayaƙi yana shiga gidajen maƙwabta, motoci sun toshe layin da mai naƙuda za ta bi. Ƙarfe goma sha ɗaya, ana tsakiyar yanka kek, sai ya ɗauke wuta ya mayar, ya sake ɗaukewa ya mayar. Wannan ita ce sallamarsa.

Abin da ba ya so a tuna masa shi ne shekarar 2020. Annobar korona ta sa an kulle gari, an rufe wuraren taro, mutane suka ɗaura aure da shaidu kaɗan da goro da dabino. Auren ya ɗauru, 'ya'yan da aka haifa har sun shiga makaranta. In ka ɗauko masa wannan zancen sai ya ce ana kiransa a waya.

Shugabar Anko

"Ƙawata, kala biyu ne kawai, atamfa ta kamu, leshi na dina." Haka take farawa. Kafin mako ya zagayo an samu na uku, na ranar kai amarya, da mayafi, da ɗankwali mai launi dabam don a bambance aminai da ƙawaye. Ta buɗe zaure a WhatsApp, ta zama alƙali kuma mai karɓar haraji. Ta je Kantin Kwari ta sari dila, ta ɗora ladan wahalarta a kan kowane turmi ba tare da ta gaya wa kowa ba. Dokarta ɗaya ce: wadda ba ta yi anko ba, ba ta shiga hoto.

Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Leshi mai kyau guda ɗaya da ɗinkinsa yana iya lashe shi har ya nemi ƙari. Kuma sau ɗaya za a sa, don Instagram ya riga ya gani. Inda abin ya fi ciwo shi ne inda kuɗin ke zuwa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, 'yar'uwarta masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, 'yan yawon buɗe ido sun fi amare zuwa cikinta. Yawancin atamfar da muke anko da ita daga Sin take zuwa. Mu ne da rawa, su ne da riba.

Tela

"In sha Allahu gobe da safe, Hajiya." Ya faɗa wa mata goma sha biyu, duk bikinsu ranar Asabar. Laifin na wuta ne, ko na yaron shago, ko na mai saka duwatsu. Ranar biki za ka tarar da babbar ƙawar amarya zaune a kan bencin shagonsa da cikakkiyar kwalliya a fuska, tana jiran hannun riga na hagu.

Mai Kwalliya

Tun asuba take fara aiki, kuma ba ta tashi sai ta tabbatar uwar da ta haifi amarya ta yi shakka. An ce wani ango ya shigo ɗaki, ya gaida matarsa cikin ladabi, ya tambaye ta ko ta ga inda amarya ta shiga. Ƙawaye shida in suka bi ta hannunta sai su fito da gira iri ɗaya da hanci iri ɗaya. Gargaɗinta na ƙarshe ga amarya shi ne kada ta yi kuka, alhali kukan rabuwa da gida shi ne abin da ya rage kyauta a bikin.

Duk da haka, a nan ne dariya ya kamata ta sassauta. Kwalliya, zanen lalle, ɗaurin kallabi, gyaran jiki da dilka da halawa, haɗa humra da turaren wuta irin na Barno: waɗannan sana'o'i ne da mace ke yi daga ɗakinta, da jari kaɗan, ba tare da ta jira takardar ɗaukar aiki ba. Da su 'yan mata ke biyan kuɗin makarantarsu, zawarawa ke riƙe marayu, matan aure ke shiga adashe. Duk mai neman a rushe harkar biki gaba ɗaya, ya fara faɗa mana inda zai kai waɗannan matan.

Emsi da Dije

Emsi maroƙi ne da ya sa kwat. Bambancin shi ne maroƙin gargajiya ya san asalinka har kakan kakanka, emsi kuwa mukullin motarka kawai ya gani, amma ya ishe shi ya naɗa ka "babban ɗan kasuwa na ƙasa da ƙasa". Aikinsa haɗa faɗa cikin raha: "Dangin amarya sun nuna bajinta. Dangin ango, ko dai mu jira ku zuwa ƙarshen wata?" Nan take ka ga kawun ango, wanda ya zo da kuɗin motar komawa gida kawai, ya miƙe yana laluben aljihu.

Dije kuwa shi ya gaje kujerar masu kalangu da matan amada masu kiɗan ƙwarya, irin su marigayiya Barmani Choge da ta rasu a 2013. Mutum ɗaya da kwamfuta ya maye gurbin ƙungiya guda. Ya yi imani cewa in tsohuwa tana iya jin abin da ta kusa da ita ke faɗa, to bai yi aikinsa ba. Shi ya sa shi da Hisbah ba sa ga maciji. Akwai kuma waƙar amarya ta situdiyo, fagen da irin su Ali Jita suka yi suna, inda ake jero sunan amarya da uwarta da gwaggonninta. Gwaggon da aka manta da sunanta za ta riƙe abin har ranar sunan ɗan fari.

Mai Liƙi da Mai Canji

Mai liƙi ba ya zuwa da wurwuri, don ya yarda cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. Sai fili ya cika yake shigowa. Naira dubu ashirin ce duka abin da ya tanada, amma ya canza ta zuwa 'yan ɗari-ɗari don ta daɗe tana zuba. A bakin ƙofa abokin sirrinsa yake, mai canji, wanda ke sayar da sababbin takardun kuɗi da riba. Banki ya ce maka babu sabon kuɗi, shi kuwa yana da su a jakar baya har da ledarsu.

Akwai mai liƙin aro, wanda ya yi yarjejeniya da ango cewa za a tattara a mayar masa bayan an tashi. Akwai kuma yaron da aka ba leda ya tsince kuɗin, wanda ya shigo da siririn wando ya fita aljihunsa na rinjayarsa.

Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Shekara da shekaru ba wanda ya kula. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, sai ga emsi yana karanto lambar asusu a lasifika, masu liƙi suka gane cewa tura kuɗi ta waya ba shi da armashi, tunda ba mai ganin hannunka yana sama. A watan Afrilun 2024 wata kotun tarayya a Legas ta ɗaure wani fitaccen ɗan soshiyal midiya wata shida a kan wulaƙanta naira. Tun daga nan aka samu sabon salo: wasu su zuba a faranti, wasu su buga takardun wasa masu hoton ango da amarya, wasu kuma su duba hagu da dama su ce wa mai hoto, "Malam, ɗan sauke kyamarar nan."

Mai Hoto

Shi kaɗai ne ke iya ba hakimi umarni ya matsa gefe, kuma ya matsa. Ya sa ango ya maimaita saka zobe sau huɗu don haske bai yi ba. Ɗan jirginsa marar matuƙi yana shawagi a kan tsofaffi, suna ta salati suna kare ɗankwali. Abokan gabarsa su ne baƙi ɗari uku da suka ɗaga wayoyi a gabansa. Kundin hotunan zai iso, da yardar Allah, tare da ragon suna.

Ɗan Gayyar Soɗi da Hajiya Mai Jaka

Takensa shi ne bikin farar kaza, balbela ba gayya. Shadda ɗaya gare shi mai kyau, da hula zanna, da ilmin duk wuraren taron garin. In dangin ango suka tambaye shi, shi na amarya ne. In na amarya suka tambaya, tare suka yi makaranta da ango. An buga katin shiga, an ɗaura wa baƙi zare a hannu, an jibge ƙarti a ƙofa, duk a banza. Sai ka gan shi a teburin gaba yana nuna wa mai rabon abinci inda ba a kai ba.

'Yar'uwarsa a sana'a tana da gayyata, sai dai jakarta ta fi ta kowa zurfi. Kaza ta maigida, lemo na yara, bokiti da kofi da kalanda masu hoton amarya kuwa har na maƙwabciyar da "ba ta samu zuwa ba". Gidanta akwai bokitan aure bakwai, uku daga cikin auren sun mutu, bokitan suna nan da ransu.

Kafin a yi musu dariya a duba teburin manyan baƙi, inda ake taɓa cinyar kaza a ture faranti. Waɗannan biyun ne kaɗai ba sa bari abinci ya lalace. Kuma malamai sun sha tunatar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya kushe walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Da wannan ma'auni, wataƙila ɗan gayyar soɗi ne ke ceto dinar.

Malam Allah-wadai

Kullum yana Facebook yana rubutu a kan almubazzaranci da lalacewar tarbiyya. Ba ya zuwa dina, amma yana tambaya ko an aiko da abinci. Ranar da 'yarsa ta tashi aure sai ga kwana biyar ana shagali, har da mawaƙi. In ka tare shi sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi uwarta ce ta matsa."

Mai Jari Bola

Ba ya cikin kati, ba ya cikin hoto, amma shi ne jami'in muhalli na gaskiya a wannan masana'anta. Bayan an watse, shi da almajiran da suka yi awanni a bakin ƙofa suna jiran ragowa, su ke shiga fili. Robobin ruwa ya tsince ya sayar wa masu zoɓo da kunun aya. Gwangwanayen lemo ya kai a auna a kilo. Abin da ba shi da mai saye, wato ledoji, cokulan roba, balan-balan da fararen robobin zuba abinci, shi ke gangarawa kwata. Can zai kwanta har ruwan Agusta ya zo ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane, mu kuma mu ce ƙaddara. Jihar Legas ta haramta irin waɗannan fararen robobin tun watan Janairun 2024. A da da kwanon sha da akushi da faranti ake biki, a wanke a mayar wa masu su, ba a bar wa unguwa komai ba sai labari.

Uban Amarya

Ga shi can a kujerar baya, da babbar riga da murmushin dole. Shi ne mai biya, kuma shi kaɗai ne ba a tambayi ra'ayinsa ba. Gado da kujeru da kayan kicin, labule da firji, gara, sannan hol da abinci. Filin da ya saya don tsufansa ya tafi, kuɗin sallamar aikinsa sun bi baya. Bai ci komai a wurin ba saboda hawan jini. Emsi ya kira shi "uba na gari", aka yi tafi, shi kuwa yana lissafin cewa saura 'ya'ya mata uku.

A ɗaya ɓangaren ango ne, wanda akwatunan lefe suka riga suka durƙusar. Sadaki, wanda shi ne wajibi, ya zama mafi ƙanƙanta a cikin lissafi. Ango da amarya za su tare a gidan haya da bashin da ya girmi aurensu, kuma faɗan farko a kan kuɗin cefane zai kasance. Samarin da suka ga haka sai su ja da baya, 'yan mata su yi ta jira. Ba banza ba gwamnatin Kano, tun daga 2012, take ɗaukar nauyin auren gata ta hannun Hisbah, har a watan Oktoban 2023 aka ɗaura na mutum 1,800 da amarensu a lokaci guda. Duk garin da sai hukuma ta sa hannu kafin talaka ya yi aure, to tsadar biki ta kai inda ta kai.

Ina aka dosa?

Harkar biki ba za ta mutu ba, kuma bai kamata ta mutu ba, don bakuna da yawa na ci a cikinta. Amma a kan aure take rayuwa, kuma tana tsawwala shi har masu yi suna raguwa. Manomin da ya dafa irin shukarsa ya ƙoshi yau, baɗi ne zai yi bayani.

Waɗanda za su daɗe a sana'ar an fara ganinsu: mai hol da ya kafa sola kuma yake da farashin rana mai sauƙi, mai tsara bikin da ta iya haɗa na mutum ɗari ya ƙayatar, mai girkin da ke kawo farantan wankewa ta kuma san gidan marayun da za a kai ragowa tun da zafinsa, mai ba da hayar kayan amarya maimakon a ɗinka na sawa ɗaya. Sauran gyaran a hannunmu yake, mu masu gayya da masu amsa ta. Ranaku biyu sun isa. Anko ɗaya ya isa, wadda ba ta da hali ta zo da abin da take da shi, a sa ta a hoto. A fara a kan lokaci. A biya mai shara kafin a biya emsi. Kai kuma Alhaji, ranar da aka ce maka ba girmanka ba ne, ka amsa da cewa girman naka ne, bashin ma naka ne, saboda haka kai za ka yanke adadin kujeru.